Yadda Ake Maido da Filin Faifai Bayan An Sabunta Kwamfuta

Sau da yawa mai kwamfuta yakan sabunta babbar manhajarsa, watau wadda ke tafiyar da dukan aikin na'urar, sa'an nan ya tarar faifai ya cika maƙil, alhali kuwa bai ƙara kome ba. Wannan darasi an shirya shi ne domin masu aiki da openSUSE, wani reshen Linux mai asali a Jamus.

Mene ne dalili?

Tun 2014 openSUSE ke shirya fayilolinta bisa tsarin Btrfs. A cikinta akwai wata manhaja, sunanta Snapper, wadda kan ɗauki hoton ajiya kafin a sabunta wani abu, ta sake ɗaukar wani bayan an gama. Amfaninsa shi ne, in sabon ya ƙi aiki, sai a koma wa tsohon kamar ba a taɓa shi ba.

To, ran da aka ɗauki hoton ba ya cin fili, gama shi da manhajar fayiloli guda suke tarayya a kai. Amma da zarar sababbin fayiloli sun maye gurbin tsofaffi, sai hoton ya riƙe tsofaffin, ya hana su tafiya. Watau kamar manomi ne ya zuba sabon hatsi a rumbu bai kwashe na bara ba. Don haka ko an share fayil, filinsa ba zai dawo ba muddin akwai hoton da ke riƙe da shi. In kuwa faifai ya cika sarai, sabuntawa ta gaba tana iya yankewa a tsakiya, kwamfuta ta ƙi tashi.

Abin da za a yi

Da fari, kada a yi garaje. A yi 'yan kwanaki ana aiki da sabuwar manhajar, har a tabbata kome yana tafiya daidai, gama hoton da aka share ba ya dawowa.

Na biyu, a rubuta sudo snapper list. Jerin hotuna zai fito, kowane da lambarsa da ranarsa. Lamba 0 ita ce manhajar da ke aiki a lokacin, wanda ke da alamar tauraro kuwa a kansa kwamfuta ke tsaye. Waɗannan ba a share su.

Na uku, a zaɓi tsofaffin. Misali, sudo snapper delete 20-45 zai kawar da duk hotunan da ke tsakanin lambobin nan biyu, har da su kansu. Amma a bar na kwanan nan, ko biyu ko huɗu, saboda ɓacin rana.

Na huɗu, a yi haƙuri kaɗan, domin Btrfs a hankali yake sakin fili. Daga baya a duba da sudo btrfs filesystem usage / a ga abin da aka samu.

Rigakafi

A cikin fayil ɗin /etc/snapper/configs/root akwai layi mai suna NUMBER_LIMIT, shi ke ƙayyade yawan hotunan da za a riƙa ajiyewa. Mai ƙaramin faifai ya rage lambar, Snapper kuwa za ta riƙa kwashe rarar da kanta. Amma kada ƙyashin fili ya sa a kashe ɗaukar hoton ɗungum. Rigakafi dai ya fi magani.