Yadda Ake Sa Wa Akwatin Amfilifaya Rigar Leda: Darasi Ga Mai Koyo

A unguwar Mairi, wadda ke maƙwabtaka da Jami'ar Maiduguri da aka kafa a 1975, ba a rasa ɗalibai da samari masu sha'awar kiɗan jita. Da yawansu ba su da halin sayen amfilifaya ta kanti, sai su haɗa tasu, kafinta ya buga musu akwati. To, akwatin katako tsirara ba ya daɗewa a ƙasar da rana ke wuce awo 40 a watan Afrilu, ga kuma ƙurar hunturu. Dalili ke nan da ya sa ake yi masa riga. Kamfanin Fender na Amurka ya koma amfani da wata leda mai suna Tolex tun wajen 1960, amma mai koyo ba ya bukatar ta. Ledar da masu kushin ke yi wa kujerun mota ta wadatar, muddin mai ƙyalle ce a bayanta kuma ba ta cika kauri ba. Ana iya neman ta a Kasuwar Monday ko a wurin masu gyaran kujeru.

Kafin kome, sai a cire na'urar da lasifika daga cikin akwatin. A nan akwai gargaɗi. Ko an zare waya daga bango, wasu sassan amfilifaya sukan riƙe wuta, musamman irin mai kwalba, kuma wutar tana iya kisa. Kada mai koyo ya sa yatsa a cikinta. In bai saba ba, ya kira mai gyaran rediyo ya fitar masa.

Sa'an nan a dubi katakon. Filawud ya fi katakon nan da ake yi da matsattsen gari, domin shi wannan da ya sha ruwa sai ya kumbura ya ruɓe, kamar yadda magidanta da yawa suka gani a kayan ɗakinsu bayan ambaliyar Alau ta watan Satumba na 2024. Leda ba ta rufa wa katako asiri. Kan ƙusa ɗaya da ya ɗago, ko rami ƙanƙane, zai fito sarai a fuskarta bayan an gama. Saboda haka a dulmiyar da kawunan ƙusoshi, a cike ramuka da garin katako da aka kwaɓa da farin gam, a bari ya bushe, a goge da samfefa. A kuma dasashe kaifin gefuna har su yi ɗan kewaye, gama leda ba ta son lanƙwasa a kan kaifi. A share ƙurar tas da busasshen tsumma.

Gwanaye sukan naɗe akwati duka da falle guda. Shawararmu ga mai koyo ita ce ya yanka falle huɗu: biyu na gefe, ɗaya na sama, ɗaya na ƙasa. Ya auna kowace fuska, ya ƙara santimita 5, wato inci 2, a kowane ɓangare domin lanƙwasawa ciki. Ya zana da alli a bayan ledar kafin ya sa almakashi. Rowar leda a wannan mataki ita ce takan sa mutum ya koma kasuwa.

Gam ɗin da ake bukata shi ne irin na masu gyaran takalmi, wanda aka fi sani da Evo-Stik. Ba kamar farin gam na kafinta yake ba. Ana shafa shi a fuska biyu, katako da bayan leda, siriri kuma bai ɗaya, sa'an nan a dakata. Yawanci minti 10 zuwa 15 ne, amma a zafin Maiduguri yakan yi saurin shan iska, don haka kada a dogara da agogo. A taɓa da bayan yatsa: in ya yi danƙo amma bai biyo yatsa ba, lokaci ya yi. Wanda ya yi gaggawa ya manna da ɗanye, tururin gam zai taru a ƙarƙashi, ledar ta yi ƙuraje bayan kwana biyu. Yana da kyau a fara gwadawa a kan guntun leda da guntun katako, domin akwai ledar da gam ke narkarwa.

Wajibi ne jama'a su sani cewa tururin wannan gam yana kama wuta kamar fetur. Ba a aikinsa a ɗaki rufe, ko kusa da murhu, risho, fitila ko mai shan taba. Shaƙarsa tana sa jiri da ciwon kai, yawanta kuwa yana lahanta ƙwaƙwalwa. A yi aikin a inuwa mai iska, da safe kafin ƙura ta tashi, a rufe gwangwanin da zarar an ɗiba, a ajiye shi inda yara ba za su kai ba.

Da fuskokin biyu sun haɗu, shi ke nan, ba a ɗagawa a gyara. Dabarar ita ce a shimfiɗa takarda tsakanin leda da katako, a daidaita, a fara dannawa daga tsakiya, ana janye takardar sannu a hankali, ana shafawa da tsumma zuwa gefe don iska ta fita. Kada a ja ledar da ƙarfi. Mai wannan rubutu ya taɓa yin haka a gwajinsa na farko, yana ganin ta yi santsi kamar ganga. Mako bai zagayo ba sai ta koma yadda take, bakin haɗi ya buɗe har katako ya leƙo. In ta yi tauri da sanyin hunturu, a shanya ta a rana na minti kaɗan, za ta yi laushi.

Inda falle biyu suka gamu, a bar ɗaya ya hau kan ɗaya da santimita 2. A ɗora rula ta ƙarfe a tsakiyar haɗin, a tsaga su biyun tare da sabuwar reza a ja guda, a cire guntun sama da na ƙasa, a danna. Bakunan za su haɗu daidai. Masu dabara sukan shafa baƙin fenti a katakon wurin tun da farko, don ko ya ɗan buɗe ido ba zai gani ba.

Kusurwa ita ce jarrabawa. A fara da na baya da na ƙasa, inda kuskure ba zai yi tsiya ba. A lanƙwaso ɓangarorin biyu, a yanka a karkace daga bakin kusurwar zuwa ciki, amma a tsaya kaɗan kafin tsinin, domin yankan da ya zarce ba ya ɗinkuwa. In an samu ƙarafan kusurwa irin na akwatin tafiya, sai a ɗaura su; suna kare akwatin, suna kuma ɓoye aibi.

A bar akwatin ya kwana a inuwa. Washegari a huda ramukan noti daga ciki da ƙusa, a yanke ledar da ta rufe kafofin iska na baya, gama amfilifaya da ba ta shan iska takan ƙone. Sa'an nan a ɗaura mariƙi da ƙafafun roba, a mayar da lasifika, mai gyara ya mayar da na'urar ya gwada ta kafin a jona jita.