Wasiƙar Boko: Gado Ne ko Aikin Sauro?

Wasiƙarmu daga Boko take, can ƙasar Kusada, daga wani ɗalibi mai karatun kiwon lafiya a Kankiya. Ya ce malaminsu ya ambaci wani sinadari na ruwan jini mai suna haftogilobin, wai gadonsa ake yi, wai kuma 'yan Najeriya da dama ba su da shi. Shi ne yake tambaya, in aka duba ba a samu a jininsa ba, daga iyaye ne? Kuma zai hana shi aure?

To samari, daga ji akwai wadda ake zuwa zance wurinta. Kwantar da hankalinka.

Hanta ce ke yin haftogilobin. Idan jajayen ƙwayoyin jini suka fashe, shi ne ke bi yana kwashe abin da ya zube, kada ya ɓata ƙoda. Malaminku bai yi ƙarya ba, ana gadon nau'insa, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A 1955 Oliver Smithies ya rarrabe shi gida 3 a Kanada. Nau'in da ake kira na ɗaya ya yi yawa a Afirka ta Yamma, a Indiya kuwa kaɗan ne.

A 1958 Anthony Allison da abokan aikinsa suka auna jinin wasu 'yan Najeriya, suka tarar kusan kashi ɗaya cikin uku ba alamarsa. Aka ɗauka gado ne. Ashe yawanci aikin sauro ne! Zazzaɓin cizon sauro yana farfasa ƙwayoyin jini, haftogilobin ya yi ta kwasa har ya ƙare ƙaf, kamar rumbu a tsakiyar damina. In aka sha magani aka warke, sai hanta ta sake cika shi. Masu rashinsa na asali tun daga haihuwa an fi samunsu a Japan da Koriya da Sin.

Batun aure kuwa, babu ruwan haftogilobin. Gwajin sikila shi ne abin dubawa. In kai AS ne ita ma AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS. Ku je asibiti ku biyu kafin magabata su sa rana, kuma ka rataya gidan sauronka tun kafin ruwa ya zauna.

A gaishe mana da mutanen Boko.