Zaɓen Kayan Haɗa Kwamfutar Tebur Mai Sauƙin Kuɗi: Darasi Daga Masana'antun Kano

Gabatarwa

Rukunin masana'antu na Bompai shi ne mafi daɗewa a Kano, domin tun zamanin Turawan mulkin mallaka aka fara kafa kamfanoni a wurin. Daga baya ne aka buɗe na Sharaɗa da na Chalawa, inda ake jimar fatu da sarrafa robobi da tatsar man girki da saƙa. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 masana'antu da yawa a waɗannan wurare suka dinga rufewa, kuma ɗaya daga cikin manyan dalilan da masu su ke kawowa shi ne ƙarancin wutar lantarki da tsadar man janareta. Wato injin da aka sayo da kuɗi masu yawa ba ya tsinana komai matuƙar wutar da za ta juya shi ba tsayayya ba ce.

Wannan darasi ya shafi ɗalibin sakandare da ya daɗe yana tara kuɗin aikin hutu da na adashi domin ya mallaki kwamfutar tebur ta farko, wadda zai yi karatu da ita, ya kuma ɗan taɓa wasanni marasa nauyi kamar ƙwallon ƙafa na eFootball ko Minecraft. Irin wannan ɗalibi yakan zuba mafi yawan kuɗinsa a kan sashe ɗaya mai suna, ya tsuke hannu a kan sauran, kuskure guda kuwa yana iya cinye ajiyar shekara. Wannan maƙala za ta bi sassan na'urar ɗaya bayan ɗaya, ta nuna aikin kowane da abin da ya kamata a duba kafin a biya kuɗi.

Masana'anta a Cikin Akwati

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar kwamfuta ita ce a kwatanta ta da kamfanin yin buta da bokiti a Sharaɗa. Furosesa ita ce babban injin da ke sarrafa kaya. Ram, wato ma'adanar wucin gadi, ita ce filin da ke gaban injin inda ake tara kayan da za a yi aiki da su yanzu-yanzu. Faifan ajiya shi ne sito. Uwar allo ita ce harabar kamfanin da hanyoyin da suka haɗa sassansa. Akwatin wuta kuwa shi ne taransifoma. Idan injin na iya fitar da buta dubu a awa ɗaya, amma masu ɗauko roba daga sito na ɗari biyar kawai suke iya kawowa, to buta ɗari biyar kamfanin zai fitar. Haka kwamfuta take: gudunta ba ya wuce gudun sashen da ya fi rauni a cikinta.

Abin da ya sa mutum ke iya sayen waɗannan sassa daban-daban ya haɗa da hannunsa yana da tarihi. A shekarar 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutarsa ta tebur wadda ya harhaɗa daga kayan wasu kamfanoni, sai wasu suka shiga ƙera irinta. A 1995 kuma kamfanin Intel ya fitar da tsarin ATX, wanda ya daidaita girman uwar allo da ramukan kusoshinta da mahaɗar wutarta. Saboda haka ne akwatin da aka ƙera a wani kamfani ke karɓar allon wani kamfanin.

Furosesa da Katin Hoto

Hoton da ake gani a allon kallo tarin ƙananan ɗigogi ne. Allo mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana ɗauke da ɗigo 2,073,600. Domin motsi ya tafi sumul, ana son a sabunta hoton sau 60 a daƙiƙa, ko aƙalla sau 30. Ke nan a kowace daƙiƙa na'ura za ta lissafa launin ɗigo fiye da miliyan 124. Wannan lissafi shi ne aikin sashen hoto, kuma shi ya sa wasa ya fi rubutu nauyi a wurin kwamfuta.

Akwai hanya biyu. Ta farko ita ce a sayi katin hoto mai zaman kansa, wanda sau da yawa shi ne mafi tsada a cikin akwatin baki ɗaya. Ta biyu ita ce a sayi furosesa wadda aka gina mata sashen hoto a jikinta. Ga mai ƙaramin ƙarfi da wasanni marasa nauyi, hanya ta biyu ta fi dacewa. Misali, Ryzen 5 5600G ta kamfanin AMD, wadda ta fito a 2021, tana da cibiyoyin lissafi shida da sashen hoto, kuma an ƙiyasta zafinta a kan wat 65. Ryzen 3 3200G ta 2019 tana da cibiyoyi huɗu, ta kuma fi araha. Idan wasa ya yi mata nauyi, sai a rage ɗigogin zuwa 1280 da 720, wato 921,600, aikin ya ragu da fiye da rabi.

Wajibi ne a lura da harafin da ke ƙarshen suna. A furosesocin Ryzen na wancan jeri, harafin G shi ke nuna akwai sashen hoto. A na Intel kuwa, harafin F yana nufin babu shi. Wanda ya sayi Core i3-12100F don ta fi 'yar'uwarta 12100 araha, ba tare da katin hoto ba, zai kunna na'urarsa ya ga allo baƙi wuluk, alhali babu abin da ya lalace.

Uwar Allo da Ram

Kowace furosesa tana da irin gurbin da take zama a ciki. Ryzen ɗin da aka ambata suna zama a gurbin AM4, ita kuwa Core i3-12100 a gurbin LGA1700, kuma ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya. Don haka furosesa ake fara zaɓa, sannan a nemi allon da ya dace da ita. Wani tsohon allo na AM4 ba ya gane sabuwar furosesa sai an sabunta manhajar da ke jikinsa, saboda haka ya kyautu mai shago ya kunna su tare a gaban mai saye. Allo mai tsada ba ya ƙara wa wasa gudu. Ya isa a samu wanda ke da gurbin ram biyu ko fiye, da gurbin M.2 na faifan ajiya, da mahaɗar HDMI.

Ram ma iri-iri ce. Gurbin AM4 da DDR4 yake aiki, AM5 na 2022 kuwa da DDR5, kuma tsagar da ke ƙasan kowace ba a wuri ɗaya take ba, don kada a cusa wata a gurbin wata. Gigabait 8 shi ne mafi ƙaranci, 16 ya fi kwanciyar hankali. A nan akwai wata dabara da ba ta cin ƙarin kuɗi sosai. Sanda ɗaya ta DDR4-3200 tana iya wuce da bayanai har gigabait 25.6 a daƙiƙa, sanda biyu masu aiki tare kuwa 51.2. Tun da sashen hoton da ke jikin furosesa ba shi da ma'adanar kansa, daga ram yake aro, sanda biyu masu gigabait 8 sun fi sanda ɗaya mai 16 amfani nesa ba kusa ba. Ƙofa biyu ce aka buɗe wa sito maimakon ɗaya.

Faifan Ajiya

Tsohon faifan ajiya ƙarfe ne mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, da allura mai bin sa tana karatu, yakan kuma kawo megabait 100 zuwa 200 a daƙiƙa. Na zamani, wato SSD, ba shi da abin da ke motsi a cikinsa. Mai mahaɗar SATA yana kai wa megabait 550, mai tsarin NVMe kuwa ya kai 3,500 ko fiye. Ƙaramin SSD mai gigabait 256 ko 512 ya fi babban faifai mai juyawa sa na'ura ta tashi da wuri. In fina-finai da hotuna sun yi yawa, ana iya ƙara faifai mai juyawa daga baya.

Akwatin Wuta

Nan ne mafi yawan sababbin shiga ke yin sakaci. Wutar gida a Nijeriya tana zuwa da ƙarfin bolt 230, sassan kwamfuta kuwa bolt 12 da 5 da 3.3 suke buƙata. Akwatin wuta ne ke wannan juyi. In ya kasance marar inganci, ranar da wuta ta dawo da ƙarfi yana iya ƙonewa ya tafi da uwar allo da faifan ajiya. Araha ba ta ado.

Na'ura mai furosesa ta wat 65, tare da allo da ram da SSD da fankoki, da wuya ta wuce wat 150. In an ƙara ƙaramin kati irin GTX 1650 na 2019, wanda ke cin wat 75, ba za a kai wat 250 ba. Ashe akwati mai inganci na wat 400 zuwa 450 ya wadatar, ya kuma fi marar suna da aka rubuta wa 700 a jiki. Alamar 80 PLUS, wadda aka soma a 2004, tana nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da akwatin ya ja tana isa ga sassan na'ura. Wato idan na'ura na bukatar wat 200, zai ja 250 daga bango, 50 su zama zafi.

Bayan wannan, a ware kuɗin sitabilaiza, ko kuma UPS in da hali. UPS ƙarami mintoci kaɗan yake bayarwa, daidai a adana aiki a kashe na'ura cikin tsari. Idan za a ta da janareta, a cire filogin kwamfuta tukuna har sai ƙarar injin ta daidaita.

Zafi da Ƙura

A watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40. Furosesa kuwa tana rage gudunta da kanta in ta kusa digiri 95 zuwa 100, don kada ta lalace. Fanka da iskar ɗaki take fifita, saboda haka furosesar da ke tsayawa a digiri 70 a ɗaki mai digiri 22 za ta doshi 88 a ɗaki mai 40. Akwati mai raga a gaba, da fanka ɗaya mai shigo da iska da ɗaya mai fitarwa ta baya, ya fi mai gilashi da fitilu masu launi.

Ƙurar hunturu, da wadda manyan motoci ke tayarwa a unguwannin da ke maƙwabtaka da masana'antu, tana toshe haƙoran ƙarfen da ke ɗebe zafi daga furosesa. A ɗora akwatin a kan tebur, kada a ajiye shi a ƙasa, a kuma hure shi da abin hura iska lokaci-lokaci bayan an cire filogi. Haka nan busasshiyar iskar hunturu tana sa jiki ya tara lantarkin da kan ɗan ja mutum in ya taɓa ƙarfe. Wannan ɗan tartsatsi ya isa ya kashe ram. Kafin a taɓa kowane sashe sai a dafa ƙarfen akwatin, a kuma riƙe allo ta gefensa. Shi kuwa akwatin wuta ba a buɗe shi ko an cire filogi, domin yana riƙe da wuta mai haɗari.

Sabo ko Gwanjo

Farashin waɗannan kaya dala yake bi, ya kuma yi tashin gwauron zabo tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023. Shi ya sa da yawa ke komawa ga kwamfutocin ofis na gwanjo, irin Dell OptiPlex da HP EliteDesk, waɗanda ake samu a titin Beirut da sauran shagunan kwamfuta na Kano. Zaɓi ne mai kyau in an kiyaye abu biyu. Na ɗaya, siraran cikinsu suna da ƙaramin akwatin wuta mai mahaɗa ta musamman, don haka gajeren kati marar cin wuta kawai suke ɗauka, wanda wat 75 na gurbin allo ya ishe shi. Na biyu, kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa tana bukatar furosesar Intel daga jeri na takwas ko Ryzen daga jerin 2000. Lambar farko bayan i3 ko i5, ko biyun farko in lambobin biyar ne, ita ke nuna jerin: i5-8500 ta takwas ce, i5-6500 ta shida.

Mai saye ya je da kansa tare da wanda ya san harkar, a kunna na'urar, a bar ta ta yi aiki na ɗan lokaci, a karɓi rasit mai ɗauke da kwanakin da za a iya dawo da kaya.

Kammalawa

Jerin zaɓe ke nan: a tantance aikin da za a yi, a zaɓi furosesa mai sashen hoto, a nemo mata allon da ya dace, a sa ram sanda biyu da SSD, sannan a ware kuɗin akwatin wuta mai inganci da sitabilaiza tun kafin a fara ciniki. Katin hoto yana iya jira har aljihu ya yi nauyi, domin gurbinsa na nan a jikin allo. Sayen nagari, in ji Hausawa, mai da kuɗi gida ne.

Aikin Aji

1. Kwamfuta da allon kallonta suna cin wat 150. In ana kunna su awa huɗu kullum, yunit nawa na mita za su ci a kwana 30, idan yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya?

2. Akwatin wuta mai ingancin kashi 65 cikin ɗari yana ba na'ura wat 200. Wat nawa yake ja daga bango, nawa kuma ke zama zafi?

3. Malami ya buɗe wata tsohuwar kwamfuta da aka cire wa filogi, ɗalibai su nuna sassa biyar da aka ambata, su faɗi takwaran kowane a masana'anta.