Tuta Tawa, Usur Nasa: Yadda Muke Yanke Hukuncin Satar Gida

Na daɗe ina riƙe tuta a gefen fili, a gasar jiha da ta makarantu da kofunan unguwanni, kuma babu hukuncin da ke jawo mana zagi da jifa kamar na satar gida. In na ɗaga tuta da wuri a ce na yi gaggawa, in na jinkirta a ce an saye ni. In na ɗaga, rafali ya yi mini alamar in sauke, sai 'yan kallo su ce ga shi nan, bakinmu bai zo ɗaya ba. Yawancin wannan rigima tana tasowa ne saboda jama'a ba su san yadda aka raba mana aikin ba. Hukuncin satar gida na mutum biyu ne, kowa da abin da idonsa ke tsare, kuma maganar ƙarshe ta mai usur ce.

Satar gida ita ce doka ta 11 cikin dokoki 17 da hukumar IFAB ke kula da su. Ɗan wasa yana wurin satar gida idan kansa, ko gangar jikinsa, ko ƙafarsa na cikin rabin filin abokan hamayya, kuma ya fi ƙwallo da mutum na biyun ƙarshe kusanci da layin raga. Ba a lissafa hannu, tun daga yatsu har ƙasan hammata, ko na gola ne. A lura da cewa doka ta ce na biyun ƙarshe. Yawanci gola ne na ƙarshe, shi ya sa muke kallon ɗan baya ɗaya, amma idan gola ya fito aka wuce shi, sai an samu 'yan baya biyu. Kafin 1925 mutum uku ake buƙata, a shekarar aka mayar biyu, kuma daga 1990 wanda ya yi kafaɗa da kafaɗa da ɗan baya ba ya cikin satar gida. Babu satar gida ga wanda ya karɓi ƙwallo kai tsaye daga jifa, ko kwana, ko bugun gola. Abin da ya fi muhimmanci kuma, tsayawa a wurin kaɗai ba laifi ba ne. Sai ya taɓa ƙwallon, ko ya tare wa gola gani, ko ya yi kokawar ƙwallo da abokin hamayya, ko ya ci moriyar wadda ta dawo daga turke ko daga hannun gola.

Daga nan aikin ya rabu gida biyu. Tambaya ta farko: ina ɗan wasan yake a daidai lokacin da abokinsa ya taɓa ƙwallo? Wannan tawa ce. Ina tsaye ne a layi ɗaya da mutum na biyun ƙarshe, ko da ƙwallon idan ta fi shi kusa da raga, ina tafiya a kaikaice fuskata na kallon fili, in ya ruga in ruga. Taku ɗaya na yi gaba ko baya, abin da zan gani ya canja. Ido kuma ba zai kalli mai bugu da mai gudu a lokaci guda ba idan akwai tazarar mita talatin tsakaninsu, don haka sau da yawa idona na kan layi, kunnena na jiran ƙarar bugun.

Tambaya ta biyu: wa ya taɓa ƙwallon daga ƙarshe, kuma wanda ke wurin satar gidan ya shiga wasan ko bai shiga ba? A nan rafali ya fi ni gani. Shi yana gudu ne daga kusurwa zuwa kusurwa, ta yadda wasa zai kasance tsakaninsa da mataimakin da ke wancan rabin, mu biyu kuma kowa da rabin layinsa a ɓangarori daban. Daga inda nake ba lallai in gane cewa ɗan baya ne ya mayar da ƙwallon da gangan ba. Shi ya gani. Idan ya ce in sauke tuta, ya ƙara abin da ya gani ne a kan abin da na gani, hukunci ya cika.

Wasan ƙarshe na gasar Nations League ta 2021 ya nuna nauyin wannan tambaya. Kylian Mbappé na Faransa yana wurin satar gida lokacin da aka zura masa ƙwallo, amma Eric García na Sifaniya ya miƙa ƙafa ya ɗan taɓa ta, aka ɗauki hakan a matsayin wasa da gangan, ƙwallon da Mbappé ya zura a raga ta zauna, Faransa ta ci 2 da 1. Surutun da ya biyo baya ya sa a 2022 IFAB ta fayyace cewa sai ɗan baya yana da halin sarrafa ƙwallon, ya gan ta tana zuwa, ya samu lokacin shirya jikinsa, kafin a ce da gangan ya buga. Mai auna wannan shi ne wanda ke kusa.

Jinkirin tuta ma koyarwa ce aka yi mana. A ce an cilla ƙwallo gaba, mutum biyu sun bi ta, ɗaya yana satar gida, ɗayan ya taso daga baya. In na ɗaga nan take, na ƙwace wa na biyun haƙƙinsa. Sai in jira in ga wanda zai kai gare ta. Idan mai satar gidan ne kaɗai zai iya kaiwa, ko na hango zai yi karo da gola, ba na jira. Ina ɗagawa da hannun dama in tsaya cak har rafali ya busa, sannan in nuna wurin: tuta sama idan can nesa ne, a miƙe idan tsakiya ne, ƙasa idan kusa da ni ne. Shi kuma ya ɗaga hannu ɗaya sama, alamar bugun tazarar da ba a ci da shi kai tsaye. Duk wannan mun tattauna shi kafin mu fito fili, har da yadda za mu haɗa ido bayan kowace ƙwallo ta shiga raga.

Masu kallon wasannin Turai suna ganin jinkirin da ya fi namu tsawo, saboda VAR, wato bitar wasa ta bidiyo don taimaka wa rafali, da ta shiga doka a 2018. A can an umarci mataimaki ya riƙe tutarsa har harin ya ƙare idan abin na kusa da kusa ne kuma ana dab da ci, domin ƙwallon da ta shiga ana iya soke ta, amma harin da usur ya kashe ba ya dawowa. Tsarin yana da nasa haɗarin. A Mayun 2025, a wasan Nottingham Forest da Leicester City, an bar hari ya ci gaba alhali Anthony Elanga yana satar gida, ɗan wasan Najeriya Taiwo Awoniyi ya bi ƙwallon ya daki turke, har sai da aka yi masa tiyatar gaggawa a ciki. Darasin da muke ɗauka shi ne, abin da ya fito fili a ɗaga masa tuta ba ɓata lokaci.

Na'ura kuma ba ta maye gurbin fahimtar juna. A gasar cin kofin duniya ta Katar a 2022 an kafa kyamarori 12 masu bin wurare 29 a jikin kowane ɗan wasa, amma duk da haka mutum ne ke tantance ko ɗan wasa ya shiga wasa. Ranar 30 ga Satumba 2023, Luis Díaz na Liverpool ya ci Tottenham, tuta ta tashi. Masu VAR sun ga ƙwallon halal ce, sai dai sun ɗauka a fili ma an amince da ita, suka ce bincike ya kammala. Aka ci gaba da wasa, doka kuma ba ta yarda a koma baya ba. Hoton daidai yake, maganar ce ba ta isa ba.

Mu a filayenmu babu VAR, babu abin magana a kunne, wani lokacin ko layin kirki babu. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai idon da ke kan layi ya fi na kan benci sanin kimar. Don haka ina roƙon 'yan wasa, kada ɗan baya ya tsaya yana ɗaga hannu yana kallona, ko ya ga tuta a sama, a ci gaba da buga ƙwallo har a ji usur. Masu horarwa su karanta doka ta 11 tare da yaransu, littafin yana shafin IFAB kyauta, kuma su zaunar da 'yan canji a benci. Masu shirya gasa su ja layi da farar ƙasa ko toka, su ɗaura igiya, su kawo alƙalai uku masu horo maimakon a miƙa wa wani ɗan kallo riga ya riƙa kaɗawa. 'Yan kallo kuma ku ja baya daga layi, domin wanda ya tare mini hanya taku biyu ya lalata hukuncin da zai iya zama na ƙungiyarsa. Matashin da ke ganin yana da ido da ƙafa, ya nemi ƙungiyar alƙalan wasa ta jiharsa ya karɓi horo. Muna buƙatar masu riƙe tuta da suka san aikin.