Yadda Mai Bindigar Lasisi Zai Yi Idan Jami'ai Suka Tsayar da Shi a Hanya

Duk wanda ya saba bin hanyar Lafiya zuwa Shendam ya san yadda ƙafa ke yin nauyi a kan totur da zarar an fita daga cunkoson gari. Rana ta yi yamma, mutum yana so ya isa Assakio kafin a kira magariba, sai kawai ya hangi jami'i a gaba ya ɗaga masa hannu. Ga yawancin direbobi, maganar ba ta wuce nuna takardu da biyan tara. Amma maharbi, ko manomi mai gadin gonar doyarsa, ko ɗan sintirin da ke ɗauke da bindiga a cikin mota, minti ɗayan farko na wannan tsayawar zai iya zama mafi haɗari a duk tafiyarsa. Lasisi zai tsaya maka a gaban alƙali. A bakin titi kuwa, hannuwanka da harshenka ne za su kai ka gida.

Jami'an da ke aiki a wannan yanki suna da dalilin ɗar-ɗar. A watan Mayun 2013 an kashe jami'an tsaro fiye da 60 a ƙauyen Alakyo da ke kusa da Lafiya, a wani kwanton ɓauna da aka danganta da ƙungiyar Ombatse. Assakio kanta ta ga rikicin da ya ci rayuka da gidaje a 2012 da 2013. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Saboda haka ga matakan da ya kamata mai bindiga ya bi, tun daga ƙofar gidansa har ya bar wurin jami'ai.

Mataki na 1: Ka san irin bindigar da doka ta yarda ka riƙe

Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko shi ne haramtattu, irin su bindigogin soja, masu sarrafa kansu, da ƙananan bindigogin hannu, wato fistol da libarba. Waɗannan sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Ke nan a Nijeriya farar hula ba shi da hurumin soke ƙaramar bindiga a ƙugu ya rufe da riga, kamar yadda ake ba da izini a jihohin Amurka. Kashi na biyu ya ƙunshi bindigogin farauta, irin mai baki ɗaya da mai baki biyu, kuma lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku shi ne bindigar toka da 'yan uwanta da ake ɗurawa ta baki, waɗanda al'amarinsu ke ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sandan jiha.

Hukuncin riƙe haramtacciyar bindiga ba ya gaza ɗaurin shekara 10. Riƙe ta farauta ba lasisi kuma yana iya kaiwa shekara 5. A watan Fabrairun 2018, Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da umarnin tattara haramtattun bindigogi daga hannun jama'a, har da mai famfo. A watan Agustan 2023 kuma Muƙaddashin Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da sababbin lasisi. Don haka idan takardarka tsohuwa ce, ka je hedikwatar 'yan sandan jiha a Lafiya ka tabbatar da matsayinta kafin ka fita da bindigar. Katin ƙungiyar mafarauta ko na 'yan sintiri shaidar ƙungiya ce kawai, ba ya zama a madadin lasisi. Haka nan lasisin mahaifinka ko na yayanka bai rufe ka ba, domin sunan mutum ɗaya da lambar bindiga ɗaya ke jikinsa.

Mataki na 2: Ka shirya bindigar tun a gida

Ka buɗe ta, ka zare harsashi, ka leƙa da idonka ka ga ramin fayau. Idan ta toka ce, kada ka ɗura mata albarushi sai ka isa daji. Ka sa ta cikin gidanta ko ka naɗe ta da kyau, ka ajiye a but ka kulle. Harsasai su zauna a wata jaka dabam. Kada ka cusa ta a ƙarƙashin kujera, kada ka jingine ta kusa da giya, kada kuma ka binne ta a cikin buhun masara ko ƙasan lodin doya. Bindigar da aka zaƙulo daga maɓoya tana kama da ta fataucin makamai, ko da tana da takarda.

Sannan ka raba takardu da bindiga. Lasisin tuƙi, takardun mota, inshora, lasisin bindiga da katin shaidarka, duka ka haɗa su a ambulan ɗaya, ka ajiye a kan dashbod ko a bayan abin kare rana da ke saman gilashi, inda jami'i zai ga hannunka yana zuwa yana dawowa. Ka bar kwafin lasisin a gida, ka kuma ɗauki hotonsa a waya. In akwai abokan tafiya, ka faɗa musu tun kafin a tashi cewa akwai bindiga a but, kuma kai kaɗai za ka yi magana idan an tsaya. In motar haya ka shiga, direba ya sani tun a tasha.

Mataki na 3: Ka cire dalilin tsayar da kai

Ƙa'idar gudu ga ƙaramar mota ita ce kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a kan babban titi mai tagwayen hannu. Motar da ke gudun 100 tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kuma idan ka ninka gudu, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya yana ninkuwa sau huɗu. A hanyar da ke ratsa tsakiyar garuruwa, ga 'yan makaranta, ga masu talla, ga babura da awaki, wannan lissafi na rai ne. Sauri kan haifi nawa. Ka ɗaura bel, ka duba fitilunka, ka ajiye waya. Wanda ke ɗauke da makami ya fi kowa buƙatar tuƙi mai tsabta.

Mataki na 4: Ka tsaya yadda za a ga ba ka da nufin gudu

Da zarar an ɗaga maka hannu, ka sassauta, ka kunna sigina, ka gangara gefen titi ka tsaya inda aka nuna maka. Ka kashe mota, ka ja birkin hannu, ka sauke gilashi, ka kashe rediyo. In dare ne, ka rage fitilar gaba kada ta kashe wa jami'ai ido, ka kunna ta cikin mota. Daga nan ka ɗora hannuwanka biyu a kan sitiyari, ka bar su a can. Kada ka fito sai an ce ka fito. Kada ka yi ribas ko ka juya da ka hangi shinge, domin wanda ya juya daga nesa ya riga ya sa kansa cikin zargi.

Ka lura da wanda ya tsayar da kai. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, aikinsu dokar hanya ne: gudu, bel, taya, lodi da lasisin tuƙi. Binciken makami aikin 'yan sanda ne da sauran jami'an tsaro. Sai dai sau da yawa ana aikin haɗin gwiwa, kuma a jihar Nasarawa akwai sojojin da ke sintiri. Kowane ne daga cikinsu, ladabin ɗaya ne.

Idan a kan babur kake, bindiga tana rataye a bayanka, ka tsaya da ɗan tazara, ka kashe babur, ka riƙe kansa da hannu biyu. Kada ka sauke bindigar daga kafaɗa da kanka.

Mataki na 5: Ka faɗa da bakinka kafin a gani da ido

Nan ne gaɓar da ta fi kowace muhimmanci. Ka yi sallama, ka bari jami'in ya faɗi abin da ya sa ya tsayar da kai. Kafin ka motsa hannu, kuma tun kafin a ce ka buɗe but, ka faɗa masa cikin murya mai sanyi:

"Yallaɓai, ni maharbi ne, ina da lasisi. Akwai bindigar farauta a but, babu harsashi a cikinta. Takardarta tana cikin ambulan ɗin nan. Yaya kake so in yi?"

Ka lura da jerin maganar. Sana'a da lasisi ne a gaba, kalmar bindiga ta biyo baya. Wanda ya buɗe baki da "ina da bindiga" ya tayar da hankalin mai sauraro kafin ya kai ga sauran bayanin. Bayan ka faɗa, ka yi shiru ka jira. In ya ce ka miƙo takardu, ka sanar da kowane motsi: "Zan ɗauko ambulan da hannun dama." Ka yi shi a hankali.

Ka sa kanka a matsayin jami'in. Duhu ya fara, yana tsaye da tocila, ya ce a kawo takardu. Direba ya sunkuya da sauri ya zura hannu ƙarƙashin kujera, hasken tocila ya faɗa a kan bakin ƙarfe yana leƙowa daga cikin tsumma. Direban takarda yake nema, amma jami'in ba shi da hanyar sanin haka, kuma yatsansa yana kusa da kunama. Irin wannan ta faru a jihar Minnesota ta Amurka a watan Yulin 2016. Wani ɗan sanda ya tsayar da Philando Castile, wanda ke da izinin ɗaukar bindiga. Castile ya faɗa masa yana ɗauke da makami, amma cikin 'yan daƙiƙu, yayin da hannunsa ke motsi, ɗan sandan ya harbe shi har lahira. Faɗar gaskiya kaɗai ba ta wadatar ba, sai an haɗa da tsayar da hannu.

Mataki na 6: Ka bar jami'i ya taɓa bindigar

Doka ta wajabta wa mai lasisi ya nuna takardarsa da bindigar idan ɗan sanda ya nema. In an ce ka buɗe but, ka buɗe, ka nuna inda take da baki, ka ja da baya taku biyu ko uku, hannuwanka a sarari. In dole sai kai za ka ɗauko, ka nemi izini a fili, bakinta yana kallon ƙasa, yatsanka nesa da kunama. Ka nuna masa lambar da ke jikin bindigar ya gwada da ta lasisi.

Kai ma kana da haƙƙi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ce kafin a binciki mutum ko motarsa, jami'i ya faɗi sunansa, da ofishin da ya fito, da abin da yake nema, da dalilinsa. Ka tambaya cikin ladabi, ka kuma tsaya inda idonka zai ga duk abin da ake ɗagawa a motarka.

Mataki na 7: Ka karɓi laifin gudu, kada ka ba da na goro

In ka yi gudun, ka amsa. In kana ganin ba ka yi ba, ka faɗa sau ɗaya, ka bar sauran ga kotu ko ofishin hukumar. Jami'an kiyaye haɗurra suna rubuta takardar laifi, a biya tarar cikin asusun gwamnati, a karɓi rasiɗi. Ba a biyan tara a tafin hannu. Mai bindiga da ya fara lalubar aljihu don a rufe magana ya jawo wa kansa zargin cewa akwai abin da yake ɓoyewa, ya kuma ƙara laifin ba da cin hanci a kan na gudu. Kada ka ɗaga murya, kada ka ce "ka san ko ni wane ne?" Baki shi kan yanka wuya.

Mataki na 8: Idan an riƙe bindigar ko an ce a tafi caji ofis

Kada ka yi jayayya, kada ka kama bindigar ana ja kana ja. Ka nemi a rubuta maka shaidar karɓa mai ɗauke da irin bindigar, lambarta, yawan harsasai, sunan jami'i da kwanan wata. Ka kira wani naka ka faɗa masa ofishin da za a kai ka. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya, ya kuma ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba, ko ba a karanta maka da harshen da kake ji ba. Beli a wurin 'yan sanda kyauta ne. In an zalunce ka, ka kai kuka ga DPO, ko Kwamishina a Lafiya, ko sashen karɓar ƙorafin jama'a na rundunar.

Mataki na 9: Bayan an sallame ka

Ka mayar da bindigar but ba tare da ka ɗura mata komai ba, ka ƙirga takardunka, ka yi godiya, ka kunna sigina ka hau titi a hankali. In bindiga ko lasisi ya ɓata a kowane lokaci, ka sanar da 'yan sanda nan take. In ka tarar da haɗari a hanya, lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122.

Kira na ga sarakunan baka, shugabannin 'yan sintiri da iyayen ƙasa a Assakio da ƙauyukan kewaye: ku tara yaranku ku koya musu waɗannan matakai kamar yadda kuke koya musu bin sawun nama. Kai kuma mai bindiga, in babu larurar fita da ita, ka bar ta a kulle a gida. In fitar ta zama dole, ka fita da ita ba harsashi, takarda a kusa, gudu a kan ƙa'ida. Jami'in da ke tsaye a shinge yana da iyalin da ke jiransa, kai ma haka. Allah ya kai kowa gidansa lafiya.