Amsar Tambaya: A-kori-kura ko Ƙaramar Mota?

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a Kano, ina kuma noma a ƙauyenmu. Na tara kuɗin mota. Raina na son Hilux, amma maiɗakina ta ce in sayi Corolla saboda tsadar mai. Wacce zan saya?

Amsa: Malam, Allah ya sanya albarka. Maiɗakinka ta yi hangen nesa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, riƙon mota ya fi sayenta wuya. Hilux tana da nauyi da babban inji, a cunkoson Kano za ta yi ta shan mai ko da bayanta wayam. Tayoyinta da kayan gyaranta ma sun fi tsada.

Amma fa a-kori-kura tana da ranarta. In hanyar ƙauyenku kan zama taɓo da damina, ka loda wa Corolla buhunan taki, bayanta zai zauna, ƙasanta ya riƙa gugar hanya, kullum kana garejin bakanike.

Saboda haka ka lissafa: sau nawa ka ɗauki kaya bara? In lokacin shuka da kaka ne kawai, sayi ƙaramar, ranar kaya ka ɗauki shata. Nan na fi karkata. In kuwa duk mako za ka riƙa kai hatsi kasuwar Dawanau, har ka yi wa maƙwabta dako su biya, Hilux za ta ciyar da kanta.

Kada ka ci bashi don a ce wane ya hau babbar mota. Kafin ka biya, je da bakaniken da ka yarda da shi, ya leƙa ƙasanta ko akwai tsatsa, ka kuma tantance takardun kwastan.