Sarƙar Taimin ta Fijo 504: Darasi Daga Garejin Kanikawa

Gabatarwa

Ni haifaffen Danchuwa ne da ke ƙaramar hukumar Potiskum a Jihar Yobe. Karai-Karai ne harshen da na buɗe baki da shi, Hausa kuwa a kasuwa da makaranta na tsince ta. Saboda haka har yau kunnena yakan tsaya a kan kalmar da Bahaushe zai wuce bai ko kula ba. A wannan maƙala zan kawo wa 'yan'uwana ɗalibai abin da na gani a hutun da ya wuce, ranar da aka buɗe gaban injin motar kawuna, tare da kalmomin da na ji kanikawa suna aiki da su.

Motar da Matsalarta

Motar ita ce Peugeot 504, wadda kowa ya fi sani da Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, kuma kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya ci gaba da haɗa ta har zuwa 2006. Ta kawuna doguwar ce, yana ɗaukar fasinja da kaya da ita, musamman ranar Laraba da kasuwar shanu ta Potiskum take ci. Daga cikin abin da take samowa ake biya mini kuɗin makaranta, don haka ciwonta nawa ne.

Da farko dai ƙara ce muke ji daga gaban inji idan an tashe ta da safe, kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani. Bayan ɗan lokaci sai ta lafa. Daga baya motar ta rage ƙarfi, ta ƙara shan mai, in an tsaya kuma sai inji ya yi ta rawa. Muka kai ta wurin wani dattijon bakanike a cikin Potiskum. Ya kasa kunne, sannan ya ce wa kawuna, “Alhaji, sarƙar taimin ce. Sai mun buɗe murfi.”

Mene ne Aikin Sarƙar?

Injin Fijo 504 mai amfani da fetur yana da fistin huɗu. Hawa da saukarsu ne ke juya babban sandan ƙarfe na ƙasa, wato kiranshaf. Akwai kuma wani sanda, kamshaf, mai buɗe bawul don iska da mai su shiga, hayaƙi ya fita. Dole ne waɗannan sanduna biyu su yi tafiya a ƙa'ida: na ƙasa ya zagaya sau biyu, ɗayan ya zagaya sau ɗaya. Sarƙar taimin ce take haɗa su. Mai layi biyu ce, tana ɗore a kan giya biyu masu haƙora, kuma akwai wani ɗan abu mai kan roba da ƙarfin baƙin mai yake turowa ya danne ta don kada ta yi sako-sako. Haka nan kamshaf ne ke juya distiribito mai raba wa fulogi wuta. Ke nan idan sarƙa ta kauce wa ƙa'ida, bawul da wuta duk za su makara.

Yadda Aka Cire Murfin

Murfin yana can gaban inji, kuma ba a kai gare shi sai an kawar da abin da ya tare shi. Ga yadda dattijon da yaransa suka bi:

1. Suka cire kan batir, domin kada wani ya tashi motar hannu na ciki.
2. Suka zubar da ruwan lagireto, suka kwance shi suka ajiye a gefe.
3. Suka sassauta fanbel, suka cire shi tare da fanka.
4. Suka sa motar a giya aka taka birki, sannan aka kwance babban notin da ke riƙe da fuli, aka zare fulin.
5. Suka kwance notunan murfin, suna jera su a kan kwali yadda suke a jikin inji, don kowanne ya koma gurbinsa.
6. Dattijon ya bubbuga murfin a hankali da ƙotar katako har gaskit ta saki.

Wani yaro ya so ya cusa sukundireba ya ɓamɓare murfin, dattijon ya daka masa tsawa. Ya ce da zarar bakin murfi ya lanƙwashe, to yoyon mai ya samu wurin zama ke nan.

Miƙewa ko Ci?

A nan ne darasin harshe ya shigo. Da aka buɗe, kawuna ya taɓa sarƙar ya ji tana lilo, sai ya ce ai miƙewa ta yi. Na tambayi dattijon, “Baba, ashe ƙarfe yana miƙewa kamar roba?” Ya yi dariya ya ce, “Ɗana, haka dai muke faɗa, amma ba miƙewa take yi ba, ci take yi.”

Ya nuna mini cewa kowace gaɓar sarƙa tana juyawa ne a kan wani ɗan siririn ƙarfe. Yau da gobe, gogayya tana cinye ƙarfen da ramin da yake ciki. Abin da gaɓa ɗaya ta rasa bai kai kaurin gashi ba, amma idan aka tara na dukkan gaɓoɓin sai sarƙa ta ƙara tsawo. Ya jawo ta daga saman babbar giyar, sai ga haske tsakaninta da haƙora. Haƙoran su ma sun yi tsini sun karkata gefe guda, kan robar da ke danne ta kuwa duk ya yi kwari. Babban mai jawo wannan, in ji shi, shi ne jinkirin juyen baƙin mai, balle a ƙasarmu mai ƙura, inda mai yake saurin zama kamar ruwan yashi.

Bambancin kalmomin nan biyu ya shafi aljihu. Kawuna, da yake “miƙewa” ce a ransa, ya so a sauya sarƙa kaɗai. Amma wanda ya fahimci “ci” ya san abu biyu ne suke cin juna. Sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora ba za ta daɗe ba, kuma in ta tsallake haƙori a kan hanya, mota za ta mutu da fasinja a daji, wata sa'a ma fistin ya daki bawul. A ƙarshe aka sayo sarƙa da giya biyu da madanni da gaskit. Wajen mayarwa an daidaita alamomin da ke jikin giyoyin da na sarƙar, aka juya inji da hannu zagaye biyu don a tabbatar babu inda ya cije, kuma ba a ɗaure notunan murfi tamau ba sai da aka daidaita shi da fuli.

Kalmomin Gareji

Na lura kanikawa suna samun kalmominsu ta hanya biyu. Ta farko ita ce aro daga Ingilishi, tare da yi wa kalma kwaskwarima ta dace da tsarin sautin Hausa. Hausa ba ta fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere, don haka ake cusa wasali a tsakani, kamar a fulogi da sufana da kiranshaf da birki. Harafin p yakan koma f, kamar a fistin da fuli da Fijo ita kanta, v kuma ya koma b, kamar a bawul. Sau da yawa akan ƙara wasali a ƙarshe, kamar a noti da gareji. Hanya ta biyu ita ce faɗaɗa ma'anar kalmar gida. Giya tana da haƙora, murfi yana da baki, batir yana da kai, mota tana shan mai, tana mutuwa, ana kuma tashinta. Wato an ɗauki mota kamar mai rai. “Sarƙar taimin” kuwa ta haɗa hanyoyin biyu: rabi na gida, rabi na aro.

Kammalawa

Motar kawuna ta koma kan hanya kafin Larabar da ta biyo baya, ni kuma na dawo makaranta da kuɗina da shafi uku na kalmomi. Shawarata ga 'yan'uwa masu neman batun kundin kammala digiri ita ce su leƙa gareji da littafi da biro. Dattawan da suka san cikin Fijo suna ƙarewa kamar yadda motar take ƙarewa, kuma in ba mu rubuta kalmominsu ba, da su za su tafi. Idan kun je, kada ku tsaya ga jera kalmomi kawai, ku tambayi abin da kowace take nufi a wajen mai sana'ar, kamar yadda na tambayi Baba a kan miƙewa da ci.